Darasi na 12: Wa Ya Cancanci Magani Kyauta, Kuma Yaya Sunansa Zai Shiga Rajista?

A Najeriya, cikin kowace naira 100 da ake kashewa wajen neman lafiya, sama da naira 70 daga aljihun marar lafiya ko na danginsa take fitowa. Babu wanda ke buƙatar a fassara masa wannan lissafi a ajin nan. Mun san akuyar da ake kaiwa kasuwa ranar da ba a yi niyya ba, da gonar da ake jinginarwa, da mutumin da ke miƙewa bayan liman ya sallame, riƙe da takardar asibiti, yana neman taimakon jama'a. Mun kuma san wanda ba shi da akuyar, ba shi da gonar, kuma kunya ta hana shi miƙewa a masallaci, sai ya kwanta a gida yana shan jiƙo har ciwon ya ci ƙarfinsa.

Akwai dokokin da aka yi domin irin waɗannan mutane, akwai kuma kuɗin da ake warewa a kasafin kowace shekara. Abin da ya kamata ɗalibi ya riƙe tun daga farko shi ne, cancanta daban, shiga rajista daban. Ma'aikacin asibiti ba ya duba talauci a fuskar mutum ko a rigarsa. Suna yake nema a jerin da aka aiko masa, in bai gani ba sai ya rubuta takardar sayen magani.

Inda kuɗin ke fitowa

An kafa shirin inshorar lafiya na ƙasa da dokar 1999, ya fara aiki a 2005 zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo. Shekara da shekaru ma'aikatan gwamnatin tarayya da iyalansu ne suka fi cin moriyarsa, domin su ne ke da albashin da za a iya lissafawa. Manomi da mai tallar ƙosai da makaho mai bara ba su ji ko ƙanshinsa ba.

Sauyi ya fara ne da Dokar Lafiya ta Ƙasa wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sanya wa hannu a 2014. Sashe na 11 na dokar ya kafa Asusun Kula da Lafiya a Matakin Farko, wanda za ku ji ma'aikata suna kira BHCPF. Dokar ta ce duk shekara gwamnatin tarayya ta zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na dunƙulallen kuɗin shigarta. Ta kuma raba kuɗin: rabi don biya wa jama'a kuɗin magani ta hanyar inshora, kashi 45 don magunguna da kayan aiki da gyaran ƙananan asibitoci da ma'aikatansu, kashi 5 don taimakon gaggawa. Sai dai doka ta yi shekara huɗu a kwance kafin a sa mata kuɗi. A kasafin 2018 ne aka fara ware wa asusun kimanin naira biliyan 55.

A watan Mayun 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu a kan sabuwar dokar da ta kafa Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, NHIA. Wannan doka ta wajabta inshorar lafiya a kan duk mazaunin ƙasa, sannan ta tanadi asusu na musamman don masu rauni, waɗanda ba za su iya biya wa kansu ba. Amma ba daga Abuja ake yi wa mutum rajista ba. Kuɗin yana gangarowa ne zuwa hukumomin taimakekeniyar lafiya na jihohi: KSCHMA a Kano, KADCHMA a Kaduna, JICHMA a Jigawa, SOCHEMA a Sakkwato, haka kowace jiha da tata. Jihohi da dama sun yi wa kansu doka cewa za su ƙara nasu kason don marasa ƙarfi. Wasu suna cikawa, wasu sai an yi ta bibiya.

Yadda abin yake aiki ya yi kama da adashe, amma da bambanci guda: a adashe kowa yana jiran ranar kwasarsa, a nan kuwa wanda ciwo ya kama ne kaɗai ke kwasa, wanda ya shekara lafiya ƙalau ba a mayar masa da ko sisi. Shi kuma marar ƙarfi, gwamnati ce ke yi masa zubi.

Waɗanda dokar ta ambata

Dokar 2022 ta lissafa masu rauni kashi biyar: yara 'yan ƙasa da shekara 5, mata masu juna biyu, tsofaffi, masu naƙasa ta jiki ko ta ƙwaƙwalwa, da matalauta waɗanda ba su da abin hannu. Uku na farko ba su da wuyar tantancewa. Yaro yana da takardar haihuwa ko katin rigakafi, mai ciki tana da katin awo, tsoho kuma shekarunsa suna jikin katin ɗan ƙasa, ko da yake shekarun da ake fara ƙirga mutum a tsoho sun danganta da ƙa'idar jiharsa. Biyun ƙarshe ne ke da aiki.

A Amurka, inda shirin Medicaid ke biya wa talakawa kuɗin asibiti tun 1965, ana duba abin da mutum yake samu ne a takarda, a gwada shi da wani ma'auni da gwamnati ta gindaya. Mu nan wace takarda mai faskare zai nuna? Yau ya samu, gobe bai samu ba, shi kansa bai san abin da ya shigo hannunsa a wata ba. Saboda haka aka bi wata hanya, wato Rajistar Marasa Ƙarfi ta Ƙasa, wadda ofishin NASSCO ke kula da ita, kowace jiha kuma tana da ofishin da ke tattara nata sunayen.

Ga yadda aka tsara a yi. Jami'ai za su zo gari su tara jama'a, maza daban, mata daban, matasa daban. Za a tambayi kowane rukuni: a garin nan, wane irin gida kuke kira gidan talaka? Wasu su ce wanda hatsinsa ke ƙarewa tun kafin damina ta faɗi. Wasu su ce gidan da mace ke riƙe da marayu ba mai tallafa mata. Sai kowane rukuni ya lissafa gidajen da suka dace da wannan siffa, a haɗa jerin uku a daidaita su. Daga nan masu ɗaukar bayanai su bi gida-gida da ƙaramar kwamfutar hannu, suna tambayar mutum nawa ne a gidan, rufin ɗaki na kwano ne ko na ciyawa, daɓen ƙasa ne ko siminti, ina ake ɗebo ruwan sha, da me ake girki, akwai babur ko dabbobi, yara suna zuwa makaranta ko ba sa zuwa. Da waɗannan amsoshi ake auna gidan.

Hikimar raba mata da maza a fili take. Mata sun san gidan da ba a hura wuta jiya ba, abin da namiji mai zaman majalisa ba lallai ya sani ba. Tsarin yana da kyau a takarda, kuma inda aka bi shi da gaskiya ya fi kowace hanya kamo talakan ainihi. Rauninsa biyu ne. Na farko, wanda ba ya gari ranar taron, ko wanda talauci ya same shi daga baya, kamar matar da mijinta ya rasu bara ko iyalin da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyensu, yana iya rasa sunansa. Na biyu kuwa kowa ya san shi: jerin sunaye yakan bi ta hannun masu faɗa-a-ji, sai ka ga sunan mai shago ya shiga, na mai wankau ya faɗi. Maganin wannan shi ne jama'a su halarci taron da kansu, su nemi a karanta jerin a bainar kowa kafin jami'ai su tafi da shi.

Akwai kuma masu ɓoye halinsu. Mai ɗaukar bayanai ya tambaya sau nawa ake cin abinci a gidan, maigida ya ce alhamdulillahi sau uku, alhali sau ɗaya ne. Rufin asiri abu ne mai daraja a wurinmu, amma a wannan tambaya amsar da aka bayar ita ce za ta shiga kwamfuta, kuma da ita za a yi hukunci.

Masu naƙasa

A watan Janairun 2019 aka sanya hannu a kan dokar da ta haramta nuna wa masu naƙasa bambanci, aka kuma kafa musu hukuma ta ƙasa a 2020. Dokar ta ce gwamnati ta tabbatar sun samu kulawar lafiya ba tare da wariya ba. Ta ce mai lalurar ƙwaƙwalwa yana da haƙƙin magani kyauta a asibitocin gwamnati. Ta ce a fara sallamar mai naƙasa idan ana layi, asibitin gwamnati kuma ya tanadi hanyar fahimtar juna da wanda ba ya ji ko ba ya magana. Ta bai wa gine-ginen jama'a wa'adin shekara 5 su yi hanyar da keken guragu zai bi, wa'adin ya cika a farkon 2024, amma ku je ku ƙirga asibitocin da har yau matakala ce kaɗai a ƙofarsu. Jihohi da dama, ciki har da Kano da Jigawa da Kaduna, sun yi nasu dokokin a kan wannan.

A lura da wani abu. Ban da mai lalurar ƙwaƙwalwa, wannan doka ba ta ce duk mai naƙasa ya shiga asibiti a yi masa komai kyauta ba. Hanyarsa ta samun magani kyauta ita ce dai rajistar masu rauni. Naƙasar da ido ke gani ba ta cika jawo gardama ba. Wadda ba a gani, kamar kurumta ko taɓin hankalin da ke tashi lokaci-lokaci, tana buƙatar takardar likitan asibitin gwamnati, don haka a nemi takardar tun kafin ranar rajista.

A nan masu naƙasa sun fi sauran talakawa wata dama, domin suna da shugabanci tun kaka da kakanni. Garuruwanmu suna da sarkin makafi da sarkin guragu da sarkin kutare, ga kuma haɗaɗɗiyar ƙungiyarsu ta ƙasa, JONAPWD, mai rassa a jihohi. Idan hukuma za ta ɗebi masu naƙasa, sau da yawa ta hannun waɗannan shugabanni take neman sunaye. Wanda iyayensa suka killace shi a ɗaki don gudun maganar mutane, ba ya cikin ƙungiya, ba wanda ya san da shi, shi ne ake tsallakewa. Yara mata masu naƙasa sun fi kowa faɗawa wannan hali.

Ɗan lissafi

Ku ɗauko alƙalami. A rahotonta kan talauci na 2019, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce duk wanda abin da yake kashewa a shekara bai kai naira 137,430 ba, wato kimanin naira 376 a rana, talaka ne. Da wannan ma'auni ta samu kusan mutum miliyan 83, kashi 40 cikin 100 na jama'a, ban da jihar Borno inda rashin tsaro ya hana a kammala binciken. Wannan adadi ne aka ambata ranar da aka sanya hannu a dokar 2022, aka ce su ne asusun masu rauni zai ɗauka.

A ƙa'idojin BHCPF na 2020, naira 12,000 ake biya wa mutum ɗaya a shekara. Ku ninka miliyan 83 sau 12,000: naira biliyan 996 ke nan, kusan tiriliyan 1. Yanzu ku ɗauki rabin naira biliyan 55 ɗin nan ta kasafin 2018, wato biliyan 27.5, ku raba da 12,000. Za ku samu kimanin mutum miliyan 2.3. An ƙara kuɗin asusun a shekarun da suka biyo baya, amma farashin magani ma ya tashi, talakawa kuma sun ƙaru. Wannan giɓi shi ya sa ake bai wa kowace mazaɓa adadin da za a ɗauka. Idan an ce maka gurbi ya cika, ba lallai ne ƙarya ake yi maka ba. Ka dai tabbatar an rubuta sunanka cikin masu jira, ka kuma riƙa leƙawa, domin akan buɗe sabon zagaye idan kuɗi ya sauka.

Ranar rajista

Tsarin ya ɗoru ne a kan ƙaramin asibiti aƙalla guda a kowace mazaɓa. Jihar Kano kaɗai tana da mazaɓu 484 a ƙananan hukumomi 44. Ba kowane asibitin sha-ka-tafi ne ke cikin shirin ba, don haka tambayar farko ita ce: wane asibiti ne na mazaɓarmu da aka zaɓa? Mai unguwa ya sani, haka ma kwamitin raya mazaɓa, wanda ke sa ido a kan asibitin.

A ce ga wata bazawara mai 'ya'ya huɗu, tana surfe. Ta je ƙofar gidan mai unguwa ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, na ji an ce ana rubuta marasa ƙarfi don magani. Yaushe za a zo mana?" Ya sanar da ita rana. Ranar ta tarar da jami'ai sun ajiye tebur a inuwar darbejiyar harabar asibiti, ɗaya riƙe da kwamfutar hannu, ɗaya yana kiran suna. Da layi ya zo kanta, jami'in ya ce, "Baba, ina lambarki ta NIN?" Ta kwance bakin zani ta fito da takardar a naɗe cikin leda. Ya shigar da lambobi 11, ya ɗauke ta hoto, ya tambayi lambar waya. Ya ce, "Yaran fa?" Na goye yana da takardar haihuwa, an rubuta shi. Sauran ukun ba su da komai, sai an dawo.

Wannan shi ne abin da ya fi yawan hana mutane shiga. Lambar NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, kyauta ake yin ta a ofishin hukumar NIMC, yara ma ana yi musu. Wanda ya yi ya manta lambar, ya danna *346# a layin da ya yi rajista da shi, za a cire ɗan kuɗi kaɗan a nuna masa ita. Sunan da ke jikin NIN kuma shi za a ba jami'i, ba sunan da ake kiran mutum a gida ba. Matar da duk unguwa ta sani da Ladi, alhali a katinta Hauwa'u aka rubuta, ta ce Hauwa'u. Saɓanin suna yakan sa a kasa gano mutum a jeri ranar da yake kwance ba lafiya.

Rajistar masu rauni kyauta ce. Duk wanda ya ce a ba shi na goro kafin ya rubuta suna, ko ya zo yana sayar da fom, cuta yake yi.

Abin da katin ke biya

Da zarar suna ya fito aka ba mutum kati, hukumar jiha tana biyan asibitin wani ƙayyadadden kuɗi kowane wata a kan kowane mutum da ke jerinsa, ko ya zo ko bai zo ba. Ashe ke nan mai kati ba alfarma ake yi masa ba, an riga an biya. Abin da ke ciki ya haɗa da ganin ma'aikacin lafiya, gwaji da maganin zazzaɓin cizon sauro, gudawa da ciwon haƙarƙari na yara, awon ciki da haihuwa da kula da mai jego, tazarar haihuwa, da gwajin hawan jini da ciwon suga.

Idan ciwo ya fi ƙarfin ƙaramin asibiti, za a tura mutum babban asibiti da takardar turawa, hukuma kuma ta bayar da lambar izini. Nan ne mutane da yawa ke yin asara. Mai kati ya ga ciwo ya yi tsanani, sai a ɗauke shi kai tsaye zuwa babban asibitin birni ba takarda, a can a caje shi kamar kowa. In ba rai ne ke hannun Allah ba, a fara da asibitin da aka yi rajista. Katin kuma na mai shi ne kaɗai, ba a ara wa maƙwabciya.

Kunshin ba ya ɗaukar komai da komai. Wankin ƙoda na dogon lokaci, maganin kansa mai tsada da fita waje neman magani ba sa ciki. Keken guragu da na'urar ji da ƙafar roba ma ba kasafai suke ciki ba, wanda a ganina babban rashi ne ga shirin da ya ce yana kula da masu naƙasa. Waɗannan sai a nemi hukumar masu naƙasa, ko hukumomin zakka da waƙafi irin na Kano da Sakkwato, waɗanda kan taimaka da kuɗin jinya.

Wasu abubuwan kuma kyauta ne ko babu kati: rigakafin yara, maganin tarin fuka, maganin kuturta, da maganin rage kaifin cutar ƙanjamau. A watan Nuwamban 2024 Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi da ke buƙatarta, a asibitocin da aka ware. Sashe na 20 na dokar 2014 kuma ya hana kowane asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ƙin karɓar wanda ke buƙatar taimakon gaggawa, wanda ya saɓa ana iya cin sa tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ko duka biyun. Dokar ta hana a kore shi ne, ba ta ce an yafe kuɗin ba.

Maƙwabtanmu ma sun bi irin wannan hanya. Nijar ta yafe kuɗin asibiti ga yara 'yan ƙasa da shekara 5 tun 2006, sai dai jinkirin biyan asibitoci kuɗinsu ya sa magani yakan ƙare. Mu ma wannan ce matsalar da mai kati zai fi cin karo da ita: a duba shi kyauta, a ce magani ya ƙare, ya je kemis ya saya. Idan haka ta faru, ya tambayi shugaban asibitin dalili cikin ladabi, ya ajiye takardar maganin da rasit, ya kai wa kwamitin raya mazaɓa. In abin ya ci gaba, akwai jami'in hukumar taimakekeniya a ƙaramar hukuma, akwai ofishinta a babban birnin jiha, akwai kuma ofishin NHIA na jiha. Ƙorafin mutum goma a takarda ɗaya, da kwanan wata da sunan maganin da aka rasa, ya fi saurin samun amsa a kan na mutum ɗaya da baki.

Aikin gida

Kowane ɗalibi ya binciko sunan asibitin da aka zaɓa a mazaɓarsa, da sunan hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiharsa, ya rubuta su a littafinsa. Sannan ya warware wannan: idan an bai wa wata mazaɓa naira 3,600,000, ana kuma biya wa mutum ɗaya naira 12,000 a shekara, mutum nawa za a ɗauka? A ƙarshe ya duba gidansu ya lissafa waɗanda ke cikin rukunin nan biyar, ya sa alama a gaban sunan duk wanda ba shi da NIN ko takardar haihuwa, ya zo da jerin mako mai zuwa domin mu gwada cike fom tare a aji.